Gargaɗi Ga Masu A-kori-kura Mai Shan Gas: A Daina Haɗin Jarka da Famfon Gangan

Wannan kira ne ga duk mai a-kori-kura mai shan gas a Unguwar Tudu da kewayenta, da direbobin da ke lodi a Gwarzo da Kabo da Getso, da kanikawa da masu rewaya, da iyayen yaran da ke koyon aiki a gareji. Duk motar da aka ajiye wa jarkar gas a gaba kusa da ƙafar fasinja, aka zaro tiyo daga cikinta zuwa inji, kada ta sake ɗaukar mutum ko kaya sai an mayar da ita kan tankinta. Duk motar da aka liƙa wa ƙaramin famfon mai na lantarki, aka murɗa wayarsa a kan batir babu fis, a cire wayar nan yau, kafin a sake tayar da ita.

 Daga lokacin da kaka ta kama har ƙarshen hunturu motocin nan ba su da hutu: masara da dawa da waken suya daga gonakin Kutama da Lakwaya da Mainika, gyaɗa da auduga, daga baya kuma kara da harawa da ake gabza wa mota har ta fi soro tsawo, a saman wannan duka a ɗora mutane. Kayan busassu ne, iska tana kaɗawa, kuma tsakanin Gwarzo da Kano wajen kilomita 70 ne. Idan wuta ta tashi a hanyar ƙauye, kafin labari ya isa inda motar kashe gobara take, ƙarfe kawai za a tarar.

Kowa ya san yadda abin yake farawa, kuma ba mugunta ke kawo shi ba. Mota ta kwana, da safe ta ƙi tashi sai an yi ta danna famfon hannu da ke kan filta. Ko kuma tana tafiya lafiya, da ta tunkari hawa da lodi sai ta fara shaƙewa, a taka totur ta ƙi amsawa, ta mutu. A kira bakanike, ya zuba gas a galan, ya tsoma tiyo, ya haɗa da inji, mota ta tashi garau. Har nan bai yi laifi ba. Gwaji ne, mai kyau kuwa, don ya nuna masa injin lafiyarsa ƙalau, ciwon yana tsakanin tanki da filta. Ɓarnar tana shigowa ne lokacin da direba ya dubi rana, ya tuna lodin da ke jiransa, ya ce, "Oga, bar ta haka, ma gyara ranar da ba kasuwa." Ranar ba ta zuwa. Galan ya zama jarka mai lita 25, a ɗaure ta da roba a jikin kujera, a yi shekara a haka. Abin da ke ƙara wa mutane ƙwarin gwiwa shi ne mun saba ganin injin niƙa, tanki a sama, tiyo ya sauko, shekara da shekaru ba abin da ya faru. To amma injin niƙa a girke yake wuri guda. Ba ya faɗawa rami, ba ya kifewa, ba ya ɗauke da mutum goma sha biyar a bayansa.

Ya kamata mai mota ya san yadda mai yake tafiya a motarsa, ko da bai taɓa riƙe sifana ba. A tsofaffin Hilux masu injin 2L da 3L da 5L da takwarorinsu, babu famfo a cikin tanki. Injekta ce da kanta take zuƙo gas, ya bi bututu a ƙarƙashin mota, ya ratsa filta, sannan ya shige ta. Tunda zuƙa ce, idan bututun ya sami 'yar huda, ko kilif ya saki, ko robar famfon hannu ta tsufa, mai ba ya fita, iska ce take shiga. Shi ya sa bakanike zai kwanta ƙarƙashin mota ya bi layin daga farko har ƙarshe, bai ga ɗigo ko ɗaya ba, ya rantse lafiya lau yake. Iskar nan ce take hana mota tashi da safe, ita ce take kashe ta a kan hawa.

A nan ne ƙaramin famfo yake yaudarar mutane. Da an ɗaura shi kusa da tanki sai aiki ya juya: layin da a da ake zuƙa ta cikinsa, yanzu turo mai ake yi. Iska ta daina shiga, mota ta tashi bugu ɗaya, a biya mai rewaya, kowa ya tafi da murna. Amma hudar tana nan inda take. A da iska take sha, yanzu gas take tsartarwa, a ƙarƙashin mota, inda salansa ma take wucewa. Babu abin da aka gyara. Matsalar da ke tsayar da mota a gefen hanya aka musanya da wadda za ta iya ƙona ta da mutanen da ke ciki.

Sai kuma irin famfon da ake sakawa. Wanda ya fi sauƙin samu a wurin masu kayan gyara, a nan ko a Ƙofar Ruwa a Kano, shi ne na ƙananan motocin fetur, wanda aka ciro daga wata mota. A auna shi da gejin da mai faci yake sa wa taya. Tayar mota takan ɗauki 35 zuwa 40. Famfon fetur na motocin zamani yana turi da ƙarfin 40 zuwa 60, in gabansa ya toshe ya wuce haka. Layin da ke kai gas ga tsohuwar injekta kuwa, in ma yana bukatar taimako, famfon da ba ya wuce 5 zuwa 10 ne daidai da shi. Wanda ya ninka wannan sau biyar ko shida zai fara da kumbura robar famfon hannu da ta bakin filta, ya dagula wa injekta lokacin da take ba da mai har inji ya riƙa ƙwanƙwasa yana hayaƙi, daga ƙarshe ya fasa sil ɗin gabanta. A injin 2L da 3L da 5L, taimin bel ne yake juya injekta, kuma sil ɗin nan a bayan fulin bel ɗin yake. Gas ya jiƙa bel a ɓoye cikin murfi, roba ta yi laushi, haƙora su zube. Ranar da ya tsinke kana gudu, fistin zai haɗu da bawul, sai dai a sauke kan inji. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

A injinan da giya ke juya injekta, gas ɗin da ya ɓalle cikin man juye yake gangarawa. Alamarsa ba ta ɓuya ga mai zaro geji kowace safiya: mai ya ƙaru maimakon ya ragu, ya tsinke, yana warin gas. Wanda ya ga haka kada ya tayar da mota. Man da ya tsinke ba ya kare ƙarfe daga ƙarfe, inji zai buga. In kuwa ya cika har inji ya fara shaƙar sa ta hanyar iska, abin da ke biyo baya ya fi tsoratarwa: inji ya riƙa ƙara gudu da kansa, farin hayaƙi ya turnuƙe, a kashe makulli ya ƙi mutuwa, domin yanzu man cikinsa yake ci. Mai giyar hannu ya taka birki da ƙarfi, ya sa giya ta ƙarshe, ya saki kuloc ya shaƙe shi. Kada kowa ya kai tafin hannunsa bakin hanyar iska da nufin toshewa. In bai mutu ba, a janye jama'a nesa, a bar shi.

Maganar waya ita ce ta fi gaggawa. Famfon da aka haɗa da batir kai tsaye, ko aka yi masa ɗan makunni a gaban direba, bai san inji ya mutu ba. Mota ta yi karo ko ta kife, tiyo ya fizge, direba ya suma, famfon yana nan yana zuba lita ɗaya zuwa biyu a kowane minti a kan ƙarfe mai zafi, har sai batir ya ƙare ko tanki ya ƙare. Ko da a kan makulli aka haɗa shi, wa zai murɗa makullin idan direban ya maƙale a sitiyari? Kamfanonin da ke ƙera motoci suna haɗa famfonsu ne ta yadda da inji ya tsaya shi ma zai tsaya, kuma wannan kariyar ce haɗin gangan yake tsallakewa. Wayar da ba ta da fis kuma, ranar da ta goge a jikin shasi bawonta ya cinye, ja za ta yi wur daga batir har famfo. Sau da yawa wayar nan da tiyon mai a ɗaure suke tare da roba guda, don aiki ya yi kyan gani.

Za a ce, "Ai gas ba ya kamawa." Akwai gaskiya a ciki, ita ce ma ta sa maganar ke da haɗari. In ka jefa ashana a kwanon gas mai sanyi takan mutu, don gas mai kyau ba ya fitar da tururin da wuta za ta kama sai ya ɗau zafin wajen digiri 55, alhali fetur ko a cikin ƙanƙara yana fitarwa. Amma ƙarƙashin bonit ba kwano ba ne a inuwa. A gwaji, gas kan kama da kansa, ba ashana ba tartsatsi, a zafin da bai kai digiri 300 ba, bakin salansa da turbo na motar da ke hawa da lodi kuwa sukan haura 500. Gas da ya fito ta 'yar huda yana feshi kamar raɓa, tartsatsi ɗaya ya ishe shi ko da sanyinsa. Wanda ya jiƙa buhu ko tsumma ko harawa ya riga ya sami lagwani. In kuma ya kama, ya fi fetur daɗewa yana ci.

Wannan ma idan gas ɗin tsantsa ne. A shekarar 2022 litar gas ta tashi daga wajen naira 300 ta doshi 800, a lokacin da fetur yake ƙasa da 200 a farashin gwamnati, a farkon 2024 kuma gas ya haura 1,500. Duk lokacin da wani mai ya fi gas araha, akwai wanda zai yi tunanin sirkawa, kuma mai saye a jarka a gefen hanya ba shi da hanyar sanin abin da aka zuba masa. Fetur kaɗan ya isa ya sauko da digiri 55 ɗin nan ƙasa da zafin ranarmu ta yau da kullum, balle ta Afirilu da ke wuce digiri 40. Mutanenmu ba sa bukatar a yi musu bayanin wutar mai. A Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, daren 15 ga Oktoba 2024, fiye da mutum 150 suka rasu. A mahaɗar Dikko ta jihar Neja, ranar 18 ga Janairu 2025, fiye da 80, kuma rahotanni sun ce ana ƙoƙarin juye mai ne daga tanka zuwa tanka da janareta. Waɗancan tankokin fetur ne, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma haɗin iri ɗaya ne: mai a buɗe, abin da zai tayar da wuta a kusa, jama'a a kewaye.

Ita jarkar tana da nata sharrin ko ba famfo. Injin gas ba ya ƙone duk abin da ya zuƙa. Wani kaso yana zagaye injekta ya sanyaya ta, ya kwashe iskar da ta maƙale, ya koma tanki ta tiyo na biyu, da zafinsa. Idan aka koma jarka, ina za a kai wannan tiyon? Wasu su bar shi a tanki, sai jarka ta riƙa ƙarewa da wuri, direba ya riƙa tsayawa yana zuƙo gas da baki yana mayarwa. Wasu su tsoma shi a jarkar, sai ɗan man da ke ciki ya yi ta zagaye yana ƙara zafi, ga rana tana dukan sa ta gilashi, baki a buɗe ko an cusa leda. Waɗanda suka fi kowa ganganci su ne masu toshe shi da noti, su ɗaure. Man da aka hana wa hanya zai nemi tasa, kuma ta sil zai fita. A cikin wannan ɗan ɗaki ne mace mai goyo take zaune, an ba ta gaba don girmamawa, warin gas yana sa mata ciwon kai, yana sa direba gyangyaɗi, ga wayar cajin salula tana reto a kan jarka, ga mai kunna sigari.

Tiyon ma abin dubawa ne. Farin tiyon lebur na magina da tiyon ban-ruwa ba don gas aka yi su ba. Sukan yi 'yan makonni lafiya, sannan su ƙandare, su tsage a daidai inda aka lanƙwasa su, ko su zame daga bakin bututu. Tiyon mai na gaske akwai rubutu a jikinsa, a nemi SAE 30R7, ko 30R9 wanda ya fi shi juriya, a ɗaure da kilif mai noti. Robar tayar babur da wayar ɗaurin rodi ba sa riƙe mai. Bututun ruwa na galbanais gas yana cin farin da aka shafe shi da shi, ya kai dattin bakin nozul. Na jan ƙarfe kuma girgizar hanya tana tsage shi. Gas ɗin da ke ɗiga a kwalta ma ba a banza yake tafiya ba, ɗan acaɓa da ke biye da kai a kwana shi zai biya.

Masu sababbin motoci su ƙara buɗe kunne. Hilux mai rubutun D-4D, da injin 2KD da 1KD da suka yawaita tun 2005, da 1GD da 2GD da suka zo a 2015, wani tsari ne daban. A cikinsu gas yana taruwa a bututu guda da ƙarfin da a gejin mai faci ya kai wajen 20,000, sababbin ma sun wuce haka nesa. Ƙarafan da ke cikin famfonsu da nozul ɗinsu gas ne kaɗai man da ke shafe su, kuma filtarsu tana tare ƙurar da ta fi silin gashi ƙanƙanta fiye da sau goma. Wanda ya tsallake filtar nan don ta toshe, ko ya maye ta da 'yar filtar roba ta babur, ko ya yanke wayar fitilar da ke nuna ruwa ya taru don tana damun sa, ya sa hannu a kan takardar sayen famfo da nozul huɗu. Idan famfon irin waɗannan injina ya fara cin kansa, garin ƙarfe yake watsawa cikin layin gaba ɗaya. A Amurka, a 2021, kamfanin Ram ya janye motoci fiye da 200,000 ƙirar 2019 da 2020 saboda babban famfon mai da ke lalacewa ya kashe mota tana tafiya. Can ke nan, inda ake sa ido kan ingancin mai.

A Amurkan ma akwai wannan al'ada ta ƙara famfo, ana ganin ta a bidiyon da matasan kanikawa ke kallo a YouTube da TikTok. Tana da asali. Dodge Ram mai injin Cummins, ƙirar 1998 zuwa 2002, tana da injekta ta Bosch mai suna VP44 wadda ta dogara da ƙaramin famfo ya kawo mata mai. Famfon da kamfani ya sa yakan mutu shiru, mota ta ci gaba da tafiya, injekta ta rasa man da ke sanyaya ta, ta ƙone. Shi ya sa masu motar suke sake famfon. Amma a kalli bidiyon da kyau: abin da suke ɗaurawa yana zuwa da filtarsa, da matarar ruwa, da abin daidaita ƙarfin turi, da rile, da fis, su kuma ƙara geji a gaban direba. Maganin ciwon wata mota ne daban, kuma mu rabinsa muka kwafo, rabin da ba shi da tsada.

Yanzu ga iyayen gida a gareji, game da yaran da aka ba ku amana. Kanikawa sun saba sassauta bututun nozul inji yana aiki, don fitar da iska ko gano silindar da ba ta ci. A tsohon inji ma sai da hattara, don man yana fita da ƙarfin wajen 2,000. A D-4D kada a yi sam. Ƙarfin 100 kacal ya isa ya huda fatar mutum. Yaron da aka ce ya shafa bututu da yatsa ya gano inda yake yoyo, gas zai iya shigewa cikin namansa, ya bar ɗan tabo kamar na ƙaya, da farko ma ba wani zafi. Cikin sa'o'i yatsa ya kumbura, jini ya daina kai masa, nama ya fara mutuwa. Da yawa a duniya sun rasa yatsu ta wannan hanya, kuma jinkiri ne yake jawo yankewa. In haka ta faru kada a matse, kada a ɗaure, kada a jira gari ya waye. A kai shi babban asibitin Gwarzo nan take, a faɗa wa likita a fili cewa gas ne ya shige da ƙarfin inji, domin aikin tiyata ne, kuma mai yiwuwa a tura shi Kano, asibitin ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano ko na Murtala. Neman yoyo da guntun kwali ake yi. A kashe inji, a ba shi mintoci ya huce kafin a taɓa bututun ƙarfe. Wanda ya tsage kuma sabo ake sawa, ba a kai shi wurin mai walda.

Zuƙo gas da baki ma a hana su. Kurɓi ɗaya da ya kauce ya shiga huhu yana jawo ciwon da kan kwantar da saurayi mai ƙarfi. Wanda ya haɗiya kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, don aman ne ke kai man huhu. Yana tari ko numfashi ya sauya, asibiti.

Gyaran gaskiya yawanci ba shi da tsada, haƙuri yake so. A fara da murfin tanki: in mota ta mutu ka buɗe shi ka ji ya ja iska, to hanyar numfashinsa ce ta toshe, ko an maye shi da leda da tsumma. A kwance notin ƙasan filta a zubar da ruwan da ya taru, musamman bayan damina. A sa filta sabuwa ta kirki. A duba famfon hannu, don a Hilux shi ne ɓarawon da aka fi kamawa yana shigar da iska. A sake zoben jan ƙarfe da ke bakin notocin layi, kada a mayar da tsoho. A nan farin tiyo yana da amfani: a sa guntunsa tsakanin filta da injekta na 'yan mintoci, a ga ko kumfa tana wucewa, a riƙa matsar da shi baya har a gano daga inda take shiga, a cire shi in an gama. In duk wannan bai yi ba, a sauke tanki a wanke, a share ragar da ke bakin bututun cikinsa, a sake layin da ya yi tsatsa. Aikin yini guda ne.

Akwai motar da bayan duk wannan za ta bukaci famfo, kamar wadda aka sake wa inji ko aka ƙara wa tanki. To a yi shi aikin masu sani. Famfon gas ne, mai ƙaramin turi, irin wanda ko ya mutu mai zai iya ratsa shi. A ɗaura shi a jikin shasi kusa da tanki, nesa da salansa, da 'yar matata a bayansa, filtar kamfani kuma tana nan a wurinta. Fis a kusa da batir, rile a tsakani, a haɗa shi da makunnin da ke jin ƙarfin man inji ta yadda da inji ya tsaya zai tsaya. Waya daban, tiyo daban, inda suka ratsa ƙarfe a sa musu roba. A auna da geji kafin mota ta fita. Mai D-4D kuwa kada ya bari a ƙara komai sai wurin wanda ke da na'urar duba irin injin. Bakaniken da ya ce bai iya wannan ba ya fi wanda ya ce "kawo a gwada" daraja.

In wuta ta tashi, a kashe makulli, a fara da mutane, na gaba da na saman kaya, a kai su nesa ta inda iska take fitowa. Kada a wangale bonit, iska ce za a ba ta. A ɗaga kaɗan a fesa abin kashe gobara mai gari ta ƙasan. Abin nan da jami'an kiyaye haɗurra ke tambaya a hanya don wannan ranar aka ce a ajiye shi, a duba allurarsa tana kan kore, a ajiye shi inda hannu zai kai, ba ƙarƙashin buhu talatin ba. Ƙasa da yashi suna kashe wutar mai. Bokitin ruwa watsa ta yake yi. In da hali ba tare da shiga wuta ba, a cire kan batir. Lambar hukumar kiyaye haɗurra 122 ce, ta gaggawa ta ƙasa 112. Wanda ya ƙone a yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta na minti 20, a rufe da tsabtataccen ƙyalle, a tafi asibiti. Ban da ɗanyen ƙwai, ban da man goge baki, ban da baƙin mai.

Shugabannin tasha da 'yan kamasho ku ne kuke ba da layi, kuna da ikon hana shi, kuma duba ƙasan kujera da bin wayar da ta fito daga batir ba zai ci muku minti biyu ba. Muna roƙon dagatai da masu unguwanni su sa a yi shela, limamai su ambata ranar Juma'a, shugabannin kanikawa na Gwarzo da Kabo su zauna da mutanensu su yanke cewa motar da aka gwada da galan ba ta barin gareji da shi. Fasinja kuma, in ka ji warin gas ya cika mota, ko ka ga tiyo ya shigo ta taga, ka sauka, ka faɗa wa na kusa da kai dalili. Babu rashin kunya a ciki.

Mafi yawan direbobin nan ba su ne masu motocin ba. Suna barin haɗin gangan ne don sun san da magariba za a tambaye su balas, kuma in suka ce mota ta yini a gareji, gobe wani za a miƙa wa makulli. Alhaji mai mota, ka kira direbanka yau ka tambaye shi ta ina motarka take shan mai. In amsar ba tanki ba ce, ka yafe masa balas ɗin yini ɗaya, ka ba shi kuɗin filta da tiyo da wankin tanki, ka bi shi garejin da kanka.